Ziyarar Kayan Gado: Abin da Japan Ta Riƙe da Abin da Ƙasar Zazzau Ke Saki

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan'uwa maza da mata da suka taho daga Ikara da Makarfi da Kudan, na gode da kuka ba ni wannan dama a nan Kurmin Kogi.

A watan Janairun 1949 gobara ta tashi a Horyuji, wani tsohon wurin ibada da ke kusa da birnin Nara a Japan, ta cinye zane-zanen bango da suka haura shekara 1,200. Abin ya ƙona wa Japanawa rai matuƙa. Shekara na zagayowa, a 1950, majalisarsu ta kafa dokar kare kayan gado. A 1993 hukumar UNESCO ta sa Horyuji cikin jerin wuraren tarihi na duniya, tare da fadar Himeji da dazuzzukan Yakushima da Shirakami. Yau ɗaliban makarantu ne ke cika waɗannan wurare, domin a tsarinsu da wuya yaro ya gama makaranta ba a fita da ajinsu ziyarar kwana biyu ko uku ba, kuma Kyoto da Nara na kan gaba a wuraren da ake zuwa. Har abin ya yi musu yawa a wasu wuraren: a 2024 sai da aka ƙayyade masu hawan dutsen Fuji ta babbar hanyarsa, mutum 4,000 a rana.

Amma ba yawan maziyarta ne ya fi jan hankalina ba. Dokar Japan ba ta tsaya kan gini kaɗai ba, ta haɗa da magini. A 1975 suka ƙara mata sashe na kare sana'o'in gyara, wato kafinta da mai yaɓe da mai baibaya, gwamnati na tallafa musu su koyar da yara. Daga baya suka keɓe dazuzzuka da filayen ciyawa musamman domin kada a rasa itace da ɓawo da shuci na gyaran tsofaffin gine-gine. A ƙauyen Ogimachi na yankin Shirakawa kuwa, inda gidaje ke da dogayen jinkaye, mutanen gari da kansu suka yi yarjejeniya a 1971 cewa ba za su sayar da gidajen ba, ba za su ba da haya ba, ba za su rushe ba. Idan jinka ta tsufa, gayya ake kira, gari ya fito a baibaye ta. Wanda ya je can yana ganin gida da mutanensa a ciki, ba kango ba.

To mu dawo gida. Daga nan inda muke zaune, mutum zai je Zariya ya dawo a yini guda. A can akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Masana gini na duniya sun yi rubutu a kansa, sun auna bakan gizonsa da ɗaurin gugansa. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin siminti, abin da ya rage na tsohon aikin yana ciki. Akwai ganuwar birni da ƙofofinta, akwai dutsen Kufena, akwai Turunku a ƙaramar hukumar Igabi, inda sarauniyar Zazzau Bakwa ta zauna kafin sarauta ta koma Zariya. Ina roƙon shugabannin makarantu da ke wannan ɗaki su tambayi kansu: ɗalibai nawa suka taɓa kaiwa ɗaya daga cikin waɗannan? Yaranmu sun haddace sunan Sarauniya Amina domin jarrabawa, amma ba su taɓa dafa ganuwar da ake jingina mata ba.

Ganuwar kuwa tana zaizayewa. Damina na ci, masu ɗibar ƙasa na ci, masu fili na ci. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da doka a hannu, amma allon gargaɗi ba ya hana ruwan Agusta aikinsa. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, kuma yaɓe magini yake so.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye, mu mutanen karkara. Dattawan da ke nan sun san yadda ake ginin soro. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula tubali a shanya. A jera azara, wadda daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta. Sannan a jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba, a shafe bango da rufi, ruwa ya riƙa zamewa yana bin indararo. Kun ga ke nan soron birni da itacen gonarmu abu ɗaya ne. Idan babu giginya babu azara, idan babu ɗorawa babu makuba. A da, ɗorawa da kaɗanya suna da masu su, ba mai sa musu gatari sai da izinin mai gari. Yanzu duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Ban zargi mai gawayi ba, yunwa ce ta kai shi. Sai dai kowace tsohuwar ɗorawa da ta faɗi, ta tafi da kalwar daddawa, ta tafi da inuwa, ta kuma tafi da maganin ruwan wani tsohon gini.

Na san wani zai ce Japan ƙasa ce mai arziki, mu kuwa muna fama da taki da tsaro. Gaskiya ne, kuma ba zan ce a kwashi yara a nufi dajin Kamuku ko Falgore ba sai hankali ya kwanta. Amma gayya ba kuɗi take ci ba, mun gaje ta. Hana saran ɗorawa ba ya bukatar kasafin Abuja, kalmar dagaci da goyon bayan ƙaramar hukuma sun isa. Wani kuma zai ji tsoron kada ziyarar tsofaffin wurare ta zama girmama abin da addini ya hana. Ba tsafi za mu je yi Kufena ba. Tarihi za mu gani, kuma babban abin da nake so a fara gani ma masallaci ne.

Shawarata ga ƙananan hukumomin nan uku ita ce su haɗa hannu da masarautar Zazzau da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. A zagaya gunduma gunduma a rubuta abin da ya rage: tsofaffin masallatai, zaurukan dagatai, kufai, marina, rijiyoyi, manyan kukoki da kurame. A rubuta sunayen maginan gargajiya da ke raye, a ba kowannensu yara biyu ko uku da ɗan alawus. Sannan kowace makarantar sakandare ta fitar da aji ɗaya a shekara, bayan an gama girbi hanya ta bushe. Su fara da zauren dagacin garinsu, magini na yi musu bayani da bakinsa, kafin a ɗauki mota zuwa Zariya.