TAYI BA NIYYAR SAYE: MASU KUTSE A ZAƁEN FID DA GWANI

 

Muna godiya da aka ba mu wannan dama ta tsayawa a gaban manya. Mu dai kasuwa muka sani, sai ɗan abin da muka tsinta a Islamiyya, da abin da kunne ya daɗe yana ɗauka a rediyo. Saboda haka da harshen kasuwa za mu yi magana, in mun yi kuskure malamai su gyara mana.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san wannan wasa. Ana cinikin sa, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. Sai wani ya ɓullo daga gefe ya ƙara tayi, alhali ko kuɗin akuya babu a aljihunsa. Abin da yake so kawai shi ne ya zuga mai saye, ko ya ɓata masa ciniki. A babin ciniki malamai suna kiran wannan najashi, kuma sun hana shi, domin yaudara ce. Bayan haramci kuma akwai hatsari. Wata rana mai saye na gaske zai juya baya ya tafi, mai kaya ya dube ka ya ce ya sallama. To, ka rungumi san da ba ka so ke nan, a gaban jama'a.

Jama'a, akwai najashi a siyasa ma, kuma a kansa muke so mu yi bayani yau. Shi ne 'yan wata jam'iyya su kutsa cikin zaɓen fid da gwani na abokan hamayyarsu, su jefa wa ɗan takarar da suke ganin ya fi rauni ƙuri'a, domin gwaninsu ya samu saukin kayar da shi a babban zaɓe.

Inda wannan abu ya fi suna shi ne Amurka, kuma da dalili. A can kowace jiha da tata ƙa'ida. Wasu jihohin sun rufe ƙofa, sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ne zai zaɓi ɗan takararta. Wasu kuwa ƙofa a buɗe take. Ran zaɓe ka je rumfa, ka ce a ba ka takardar Dimokurat ko ta Rifablikan, ba mai tambayar abin da ke zuciyarka, sharaɗi dai guda ɗaya za ka karɓa. An yi haka ne don mutanen da ba su da jam'iyya su samu ta cewa. Amma ƙofar da baƙo ke shiga, ta nan ɓarawo ma ke bi.

Bari mu kawo muku labarin jihar Jojiya a shekarar 1966, don duk darasin yana cikinsa. A lokacin jam'iyyar Dimokurat ce ke riƙe da jihar tun kaka da kakanni. Manyan masu neman takarar gwamna a cikinta akwai Ellis Arnall, tsohon gwamna mai sassaucin ra'ayi, wanda a zamaninsa aka soke harajin da ake biya kafin a yi zaɓe. Akwai Jimmy Carter, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. Sai kuma wani mai gidan abinci a birnin Atlanta, Lester Maddox. Shi wannan Maddox abin da aka san shi da shi, a 1964 ya kori baƙaƙen fata daga ƙofar gidan abincinsa, shi da bindiga, magoya bayansa da ƙotar gatari. Da doka ta matsa masa, ya gwammace ya bar sana'ar da ya sayar wa baƙar fata abinci.

A zagayen farko Arnall ya zo na ɗaya, Maddox na biyu, Carter na uku. Da yake ba wanda ya haye rabi, sai aka shirya zagaye na biyu tsakanin Arnall da Maddox. Su kuwa 'yan Rifablikan sun riga sun tsai da nasu, Bo Callaway, ba tare da zaɓen fid da gwani ba, saboda haka hannunsu a sake yake. Lissafinsu mai sauƙi ne: Arnall zai yi wuyar kayarwa, Maddox kuwa wa zai zaɓe shi gwamna? Masu tarihin jihar da dama sun tafi a kan cewa 'yan Rifablikan masu yawa sun shiga layi sun jefa wa Maddox. Ya kuwa cinye zagaye na biyu da kusan kashi 54 cikin ɗari.

To, sai aka zo babban zaɓe. Mutane da yawa, ciki har da baƙaƙen fata, suka ga ba za su iya zaɓen Maddox ba, Callaway ma bai kwanta musu ba, sai suka rubuta sunan Arnall da hannu a takardar ƙuri'a, su fiye da 50,000. Callaway ya ɗara Maddox da ƙuri'a wajen 3,000, amma bai kai rabi ba. Tsarin mulkin jihar kuwa ya ce in haka ta faru majalisar dokoki ce za ta zaɓa, majalisar kuma cike take da 'yan Dimokurat. A watan Janairu na 1967 suka zauna, Maddox ya samu 182, Callaway 66. Kun ji fa. Mutumin da aka taya don wasa, shi aka sallama wa. Ya yi gwamna har 1971, kuma Rifablikan ba su ɗanɗani kujerar gwamnan Jojiya ba sai da suka ci zaɓen 2002. Dara ta ci gida.

A shekarar 2008 aka sake buga irin wannan wasa, amma a fili, da shela. Wani mashahurin mai shirin rediyo, Rush Limbaugh, ya ga Rifablikan sun gama da nasu, John McCain ya yi gaba, su kuwa Barack Obama da Hillary Clinton suna ta gwabzawa. Sai ya riƙa kira ga masu sauraronsa su je su zaɓi Clinton a jihohi irin su Teksas da Ohayo da Indiyana. Ba son ta yake ba, so yake faɗan ya yi tsawo su raunata juna, har ya raɗa wa shirin suna mai ma'anar aikin hargitsi. Clinton ta ci Indiyana da ƙyar, faɗan kuma ya kai watan Yuni. Amma mene ne ƙarshensa? Tsawon takarar ya sa 'yan Dimokurat sun shiga lungu-lungu suna yi wa sababbin mutane rajista. Obama ya samu takara, ya ci shugabancin ƙasa, har ita Indiyana ya cinye, jihar da rabon ɗan Dimokurat da ita tun 1964.

Kada mu yi muku ƙarya mu ce dabarar ba ta taɓa ci ba. Takan ci. A 2012 Sanata Claire McCaskill ta jihar Misuri ta kashe dala miliyan 1.7 wajen tallace-tallacen da suka ɗaga Todd Akin a idon 'yan Rifablikan, don shi take so ta kara da shi. Ya samu takara, ya yi wata katoɓara a kan matan da aka yi wa fyaɗe, ta kayar da shi da rata mai yawa. Ita da kanta ta faɗi haka a littafinta daga baya. Nata da kuɗi ta yi, ba da ƙuri'a ba, amma niyyar ɗaya ce. Sai dai ku duba abin da aka sa a caca. In dabara ta ci, ɗan takara ɗaya ne ya ci riba. In ta ƙwace, jama'ar jiha duka ne za su zauna ƙarƙashin mutumin da ko waɗanda suka ɗaga shi sun san bai cancanta ba. Wane ɗan kasuwa ne zai yarda a yi ciniki da jarinsa a kan riba ta wani, faɗuwa tasa?

Nan akwai wani bambanci da ya kamata mu riƙe, don ba duk mai tsallaka layi ne mayaudari ba. A 2014 a jihar Misisipi, inda kowa ya san ɗan Rifablikan ne zai ci kujerar sanata, an je zagaye na biyu tsakanin Sanata Thad Cochran da wani mai zafin ra'ayi, Chris McDaniel. Baƙaƙen fata da yawa, waɗanda asalinsu 'yan Dimokurat ne, suka fito suka jefa wa Cochran, ya tsira da ƙuri'a ƙasa da 8,000. Su waɗannan sun taya ne da niyyar saye. Sun duba mutum biyu, ɗaya dole zai wakilce su, suka ɗauki wanda za su iya zama da shi. Wancan ya zaɓi mafi muni don ya ɓata, wannan ya zaɓi mai dama-dama don ya tsira. Aiki iri ɗaya, niyya daban.

Su ma Amurkawa sun nemi magani. A 1973 kotun ƙolinsu ta amince wa jihar New York ta tilasta mutum ya yi rajistar jam'iyya watanni da yawa kafin zaɓen fid da gwani, don a toshe kutse. A shekarar 2000 kotun ta rushe tsarin Kalifoniya wanda ya bar kowa ya zaɓi ɗan takarar kowace jam'iyya, ta ce jam'iyya na da haƙƙin zaɓen wanda zai ɗauki tutarta. A 2023 kuma jihar Wayomin ta yi dokar hana sauya jam'iyya dab da zaɓe. Maganin dai duk ɗaya ne, wato rajista mai tsabta wadda aka rufe da wuri.

Wani zai ce, to Alhaji, mu ina ruwanmu da Jojiya? Da ruwanmu. A watan Disamba na 2021, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe wanda ya wajabta 'yar tinƙe, cikin dalilan da ya aika wa majalisa har da wannan: jam'iyyu ba su da rajistar 'ya'yansu abin dogaro, kuma abokan hamayya na iya tara mutane su je su kayar da ɗan takara nagari don su share wa nasu hanya. Dokar da ya sa wa hannu a Fabrairun 2022 ta bar wa jam'iyyu zaɓi uku, 'yar tinƙe ko wakilai ko maslaha, ta kuma ce a miƙa wa hukumar zaɓe rajistar 'yan jam'iyya kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Ashe abin da ake tsoro a can, a nan ma an hango shi.

Idan kuwa ana neman mutanen da za a tara, ina ake fara dubawa? Inda jama'a ke cunkushe, masu jin maganar shugabanninsu, wato kasuwanninmu da tashoshinmu da unguwanninmu. Mun sha gani, lokacin siyasa wani ya zo da motoci da katunan jam'iyya, ya ce a ba shi yara su je su tsaya a layi na awa biyu, ga ɗan abin shan ruwa. Yaran nan, 'yan acaba da 'yan dako da masu tura baro, yawancinsu ba su san sunan wanda suka tsaya a bayan hotonsa ba, balle su san ko an kai su ne don a ɗaga shi ko don a kayar da wani.

'Yan'uwa, mu tuna matsayinmu. Mu 'yan ƙasa ne, muna da cikakken haƙƙin shiga kowace jam'iyya a duk inda muke zaune, kuma ya kamata mu shiga. Amma wanda ya shirya makirci ba a ganin fuskarsa a layi, tamu ake gani. Wanda aka kayar ba zai manta ba, mutanensa ba za su manta ba, kuma rumfunanmu ne a bakin titi. Wanda aka ɗaga ɗin kuma, in Allah ya ba shi, bai ɗauke mu masoya ba, ya san haya aka yi. Ranar da za a tashi kasuwa ko a ƙara kuɗin rumfa, ba mu da bakin zuwa wurinsa.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. Na farko, kowa ya riƙe katin jam'iyya ɗaya, wadda ya yarda da ita, kada a tara kati biyu uku a aljihu kamar rasit. Na biyu, duk mai neman jama'armu ya zo ta hannun Sarki da kwamiti, da rana tsaka, ya faɗi wanda yake so a zaɓa da abin da zai yi wa unguwa. Na uku, kafin ɗayanmu ya tsaya a bayan kowane ɗan takara, ya tambayi kansa: in mutumin nan ya ci, na yarda ya mulke ni da iyalina shekara huɗu? In amsar a'a ce, ya koma rumfarsa. Iyaye da masu gida, ku ja wa yaranku kunne a kan wannan, don su ake fara nema.

Muna roƙon afuwa in mun tsawaita. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu.