Mabuɗin ɗaki amana ne: haƙƙin nakasasshe a gidan haya

Muna gode wa Allah da Ya kawo mu wannan wata mai alfarma, Ya ba mu ikon azumtar yininsa da tsayuwar darensa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan'uwa masu saurare na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da duk ƙauyen da muryarmu ke kaiwa, zancenmu na yau a kan gidan haya yake, da abin da ke faruwa a ƙofarsa idan mai neman ɗaki makaho ne, ko gurgu, ko kurma, ko mai farfaɗiya, ko wanda kuturta ta taɓa.

Wani bawan Allah ya tare ni bayan sallar asham. Tela ne, shan inna ya kama ƙafafunsa tun yana yaro, da keken guragu yake yawo. Yana da mata da ƴaƴa, kuma kuɗin hayar wata uku na cikin aljihunsa. Gida na farko, dillali ya ce masa ta waya akwai ɗaki, da ya gan shi ido da ido sai ya ce an riga an kama. Gida na biyu, mai gida ya ce keken zai fasa masa dokin ƙofa. Gida na uku, aka ce ba a son mabarata su cika zaure, alhali mutumin nan da allura da zare yake ci da iyalinsa. Ya ce mini: "Malam, abin da suka yi mini, shari'a ta ba su?"

Amsa ita ce, mai gida yana da haƙƙi a kan dukiyarsa. Ya halatta ya tambayi sana'ar mai neman haya, ya bincika halinsa, ya tabbatar zai iya biya. Amma ƙaryar cewa an kama ɗaki haramun ce, ko a bakin dillali ko a bakin mai gida. Raina mutum saboda halittarsa kuwa, Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa raina ɗan'uwa Musulmi kaɗai ya ishi mutum sharri. Wanda ya karɓi kuɗin mai ƙafa biyu ya ƙi na gurgu, alhali kuɗin iri ɗaya ne, to ya tambayi zuciyarsa abin da ta dogara da shi.

Ku da kuke tashi sahur, ku tuna wanda kiransa ke tsayar da cin sahur a Madina. Bilal yakan yi kira da sauran dare, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mutane su ci gaba da ci da sha har sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya yi nasa kiran. Shi kuwa makaho ne. Shi ne wanda farkon Suratu Abasa ya sauka saboda shi, ranar da ya zo neman ilimi ana cikin zance da manyan Ƙuraishawa. Kuma Manzon Allah ya sha barinsa ya wakilce shi a Madina idan zai yi tafiya. An damƙa wa makaho amanar alfijir da amanar birni, mu kuma muna jin tsoron damƙa masa mabuɗin ɗaki ɗaya.

Ku duba aya ta 61 a Suratun Nur, wadda ta ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci, ta kuma ambaci gidajen da mutum ke riƙe da mabuɗansu. Daga cikin abin da malaman tafsiri suka kawo game da saukarta akwai cewa sahabbai idan za su fita yaƙi sukan bar mabuɗan gidajensu a hannun masu uzuri, su yi musu izinin ci daga abin da ke ciki, amma su sai su ƙi taɓawa saboda tsantseni. Wannan shi ne zaton da magabata suke yi wa nakasassu, kuma wannan shi ne riƙon amanar da suka samu daga gare su.

To me ke sa mu rufe ƙofa? Galibi abu uku ne.

Na farko tsoron cuta. Akwai masu cewa miyan mai farfaɗiya yana harbi. Masana lafiya sun tabbatar farfaɗiya larurar ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta miyau, ko ta kwanon abinci, ko ta zama ɗaki ɗaya, kuma da yawa daga masu ita idan suna shan magani a kan kari faɗuwar takan tsaya. Ibn Abbas ya nuna wa almajirinsa wata mata mai farfaɗiya a matsayin ƴar Aljanna saboda haƙurinta. Game da kuturta, na san wasu za su kawo hadisin da ya yi umurni da nisantar kuturu. Hadisin ingantacce ne, kuma yana koyar da tsare kai daga cuta mai yaɗuwa. Amma yau kuturta tana da magani, na wata 6 ko wata 12, kyauta ake ba da shi, kuma wanda ya kama shansa ya daina harbin kowa. Mutanen Maraɗi sun san asibitin Danja da shekarun da ya yi yana wannan aiki. Dungulmin yatsu da kake gani tabo ne na ciwon da ya wuce. A da, tsoro ya sa an tura masu wannan larura bayan gari, kamar yadda unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta samo asali. Su ba su da maganin da muke da shi. Mu mene ne uzurinmu?

Na biyu zaton ba za su biya ba. A cikin makafi akwai mahaddata da malaman makaranta, a cikin guragu akwai maƙera da masu gyaran waya, a cikin kurame akwai magina da kafintoci. Kowane mai gida ya san ɗan haya mai cikakkiyar lafiya da ya gudu da bashin wata shida. Abin aunawa shi ne amana da abin hannu. Kuma zalunci ne a ɗora wa nakasasshe kuɗin ajiya fiye da na sauran jama'a don a kore shi da dabara.

Na uku ƙyashin gyara. A nan ku ji labarin Itbanu ɗan Malik, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ganinsa ya yi rauni, kuma idan an yi ruwa kwarin da ke tsakaninsa da masallacin mutanensa yakan cika. Ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri don ya riƙe shi wurin sallarsa. Manzon Allah ya taka da kansa tare da Abubakar, ya tambaye shi inda yake so, ya yi salla a inda ya nuna. Ku lura, mai larurar aka tambaya, domin shi ya san inda ke yi masa wuya.

Abin da ɗan haya nakasasshe ke nema yawanci kaɗan ne: gangaren siminti a bakin ƙofa maimakon matakala, ƙarfen dafawa a makewayi, ɗakin da ke kusa da zaure, a rufe ramin da ke tsakar gida, a daina barin turmi da guga a kan hanyar makaho. Kurma kuma a rubuta masa yarjejeniya, ko a kira wanda ya iya maganar hannu. Abu Huraira ya ruwaito hanin da aka yi wa maƙwabci kada ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Imamu Malik ya ɗauki wannan a kan kwaɗaitarwa, bai ce alƙali ya tilasta ba. To idan an kwaɗaitar da kai ka bar bangonka ga maƙwabcin da ba ya biyanka ko dala, ina ga wanda ke kawo maka kuɗi kowane ƙarshen wata?

Akwai kuma wanda ya shiga gida da ƙafarsa, daga baya hatsarin babur ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, sai mai gida ya fara neman hanyar fitar da shi. A Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda muke karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa haya ba ta warwarewa ko da mutuwar mazaunin gidan. Idan mutuwa ba ta rushe hayar da aka yanke wa wa'adi ba, ta yaya ciwo zai rushe ta? Idan biya ya gagare shi, aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umurni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Sai dai a kula: a mazhabarmu, bashin haya da ka yafe wa wanda ba shi da abin biya ba ka lissafa shi cikin zakkarka. Sadaka ce mai lada, zakka kuma tana nan a wuyanka.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar kare nakasassu, a 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu, wadda ta hana nuna musu bambanci ta kuma tabbatar musu da ƴancin zaɓen inda za su zauna, a 2019 kuma aka yi sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin jama'a. Wanda aka zalunta kada ya haɗiye. Ya je wurin mai unguwa ko liman, ya nemi ƙungiyar nakasassu ta garinsa, idan ta kama ya kai ƙara. Kuma a riƙa rubuta yarjejeniyar haya da shaidu biyu, a sa wa'adi da kuɗi da wanda zai ɗauki nauyin gyara.

Kai ma ɗan'uwana mai larura, akwai haƙƙi a kanka. Ka biya a kan lokaci, kada ka fasa bango ko ka sāke ƙofa sai da izinin mai shi, ka faɗi buƙatarka tun ranar ƙulla magana. Ku kuma maƙwabta na tsakar gida, ku hana ƴaƴanku kwaikwayon tafiyar gurgu da tsokanar bebe, domin wani mai gida yakan karɓa, ƴan haya su kora da baki.

Telan nan da na ba ku labari har yanzu yana ɗaki ɗaya a gidan surukinsa, shi da iyalinsa. Wataƙila a cikin masu saurarena akwai mai ɗakin da ke rufe. Kafin ka kai dabino bakinka yau, ka tuna lafiyar da kake tafiya da ita aro ce, kuma tsufa yana tafe da sandarsa. Gangaren da ka zuba wa wani bana, mai yiwuwa kai za ka bi ta kansa wata rana.

Allah Ya buɗe mana ƙofofin rahamarsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba marasa muhalli muhalli, Ya tsare mu daga cin haƙƙin mai rauni. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.