Kujerar Bakin Taga



Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, amma har yau yawancinmu a taswira kaɗai muka san ƙasarmu. Saboda haka, ranar da Allah ya nufe mu da hawa, kada mu yarda a cusa mu tsakiya.

Mu ɗauki tafiya daga Kano zuwa Ikko. Jirgi kudu maso yamma yake dosa. Da safe rana tana hagu, sai mu nemi dama, watau kujerar F in kujeru shida ne a jere. Da yamma kuwa, kujerar A. Mu kauce wa daidai fiffike, domin yakan tare ido. Da hunturu hazo kan lulluɓe kome. Ɗaukewar damina ta fi dacewa.

Daga nan za mu ga fako yana rikiɗa kurmi, ga Kogin Kwara a shimfiɗe. An sa mun haddace cewa Mungo Park ya gano shi a 1796, alhali masuntanmu sun daɗe suna jefa taru a ciki. Mu leƙa da idonmu: gani ya kori ji.