SU A LOKACIN HUNTURU: WANE KAYAN AIKI YA DACE MU SAYA WA MATASANMU?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi mu ce wani abu a kan sana'o'in rani, sai muka zaɓi sana'ar su, wato kamun kifi. Wani zai ce ina ruwan mutumin Mashi da su, alhali ƙasarmu ta gero da gyaɗa ce? Amsar ita ce, tun da aka gina madatsun ruwa na Sabke da Daberam a nan shiyyar Daura, ga kuma na Jibiya da Ajiwa da Zobe a sauran sassan Jihar Katsina, yaranmu suka sami abin yi bayan kaka wanda zai iya hana su tafiya ci-rani. Da yawa daga cikinku kuna aiko da kuɗi a saya wa ƙanne da 'ya'ya kayan su. Alheri ne babba, sai dai kayan da ba su dace da lokaci ba asarar kuɗi ne, wasu ma ɓarna suke yi wa ruwan. Don haka ya kamata mai bayarwa ya san abin da yake saya.

Bari mu fara da halin kifin kansa. Zafin jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin dare a ƙasarmu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, ruwan baki-baki yakan huce sosai kafin asuba. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, ta fi walwala a ruwan da zafinsa ya kai digiri 27 zuwa 30. Idan ya sauka ƙasa da 20 sai cinta ya ragu ƙwarai, ta daina yawo, ta tattaru da 'yan'uwanta a wuri mai zurfi ko a gindin itatuwan da ruwa ya shanye. Sai rana ta take, bakin ruwa ya yi ɗumi, sannan ta matso. Ke nan kifin yana nan a hunturu, wurin zamansa da yanayin cinsa ne suka sauya. Ko a Amurka, inda ruwa ke daskarewa, masu kama wani ɗan kifi da suke kira kirafi sukan koma ga ƙananan ƙugiyoyi da siririn zare idan sanyi ya shigo, su nemi zurfi, su rage gaggawa.

Na farko, fatsa. Ita ce mafi arha, kuma ita ta fi dacewa da mai koyo. A samu sandar gora mai tsawon ƙafa 10 zuwa 12, da siririn zaren roba, domin kifin da ba ya jin yunwa yakan tsaya ya duba, kuma kakkauran zare yana korarsa. Hausawa ma sun ce kifi na ganinka, mai jar koma. Game da ƙugiya, a lura cewa a lambobin da ake sayarwa a kasuwa, babbar lamba ita ce ƙaramar ƙugiya. Bakin karfasa ƙarami ne, saboda haka lamba 12 zuwa 14 ta ishe ta. A ɗaura 'yar dalma kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya, can sama kuma a sa ɗan guntun totuwa ya riƙa yawo a kan ruwa. Totuwar ta zama ƙarama, domin cizon hunturu ɗan taɓawa ne kawai, babba ba za ta nuna shi ba.

Na biyu, auna zurfi. Nan ne yawancin yara ke yin asarar yininsu. Kafin a sa abinci a ƙugiya, a ɗaura dalma mai nauyi a jefa, a yi ta matsar da totuwa sama har a gane inda ƙasan ruwa yake. Daga nan sai a rage zaren yadda ƙugiya za ta tsaya taƙi ɗaya ko biyu sama da laka. Wanda ya ƙware yana iya ɗaura ƙugiya biyu a zare ɗaya, ɗaya kusa da ƙasa, ɗaya kamu guda a samanta. Wadda aka fara ciza ita za ta faɗa masa inda garken yake, kuma da yake karfasa a tare take zama cikin sanyi, inda aka kama ɗaya akwai saura. Abincin ƙugiya ya zama kaɗan: rabin tana, ko gara, ko ɗan curin dusar da aka kwaɓa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga hantsi zuwa la'asar. Sammakon da ke amfani da damina wahala ce kawai a watan Janairu.

Na uku, mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa. Wannan na tarwaɗa ne da ƙurungu, masu kiwo a ƙasan ruwa da dare, waɗanda ke bin ƙanshi da gashin bakinsu. Suna buƙatar ƙugiya mafi girma, kamar lamba 7 zuwa 9, da zare mai ƙarfi, da duwatsu a ƙarshen igiya don ta kwanta a ƙasa, da abinci mai ƙarni irin hanjin kaza. A kafa da yamma, a duba da safe bayan rana ta fito.

Na huɗu, raga, kuma a nan ne muke roƙon ku saurara da kyau. Idan kamu ya ragu cikin sanyi, abin da ke fara zuwa zuciyar matashi shi ne ya nemi raga mai ƙananan idanu. Wasu har gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓin cizon sauro suke ɗinkewa su ja a ruwa. Irin wannan ba ya barin komai, yana kwashe 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe da damina tun ba su kai ga haihuwa ba. Karfasa a cikin bakinta take renon ƙwanta da 'ya'yanta, kuma sai ruwa ya yi ɗumi take komawa haihuwa. Duk wadda aka kwashe tana ƙarama a Janairu, an yi asarar zuriyar da za ta bayar da bazara. Madatsar ruwa kuwa tafki ne rufaffe, ba kamar kogin Kwara ba, wanda kifi ke shigowa daga nesa ya cike gurbi. Manomin da ya cinye irinsa da rani ya san abin da zai tarar idan ruwa ya sauka.

Hukuma ma ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'i. Ta kuma haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki. Maganin ƙwari irin Gamalin da wasu ke zubawa yana kashe babba da ƙarami, ga shi ruwan nan shi dabbobinmu ke sha, da shi ake ban-ruwan lambu, kifin kuma a cikin miyarmu yake ƙarewa. Magabata sun riga doka sanin wannan. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, akan hana su a Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawarwari huɗu. Duk wanda zai aiko da gudummawar kayan su, ya sa a sayi fatsa da mamari da raga mai ido inci 3 ko fiye, kada ya miƙa kuɗi hannu ya juya baya. A haɗa kowane yaro da tsohon masunci, a kuma gabatar da shi ga Sarkin Ruwa na wurin da zai yi aiki, domin kowane ruwa da ƙa'idarsa. A sayi rigar kariya daga nitsewa ga duk mai shiga kwale-kwale, saboda iskar hunturu tana tayar da igiyar ruwa, sanyi kuma yana kashe gaɓoɓin ko da gwanin iyo ne. Daga ƙarshe, cikin ɗaliban da muke ɗaukar nauyinsu, a tura ko da mutum biyu Kwalejin Tarayya ta koyon aikin kifi da ke Sabuwar Busa a Jihar Neja, su dawo su koya wa saura.

'Yan'uwa, kamun hunturu kaɗan ne, amma wanda ya auna zurfi ya yi haƙuri ba zai koma gida hannu rabbana ba, kuma zai bar wa baɗi rabonta. Ruwan nan amana ne a hannunmu, 'ya'yanmu za su tambaye mu yadda muka bar shi.

Allah Ya albarkaci Mashi da mutanenta, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.