Lissafin Zafi da Zagayen Amin a Masana'antar Tace Gas



Gas ɗin da ke fitowa daga rijiya yakan zo da iska biyu masu tsami: H2S mai kisa da CO2 mai cin ƙarfe. Kafin a sa shi a bututu, ana so H2S ya sauko zuwa kashi 4 cikin miliyan. Masu daskarar da gas, irin masana'antar Bonny da ta fara aiki a 1999, sukan rage CO2 zuwa kamar kashi 50 cikin miliyan, don kada ya ƙanƙare ya toshe injina. Tun 1930 da R. R. Bottoms ya yi rajistar dabarar, ruwan amin ne ke wannan aiki. Yana tsotse tsamin a hasumiya ta farko, sai a dafa shi a riboila ya saki abin da ya ɗauka, ya koma bakin aiki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: yawan ruwan da ke zagayawa shi ke yanke girman riboila. Yawan ruwan kuma ya dogara ne da tsamin da ke cikin gas, don haka da gwajin gas ake fara lissafi.

Mu ɗauka gas yana kawo kilomol 100 na tsami a awa, muna aiki da amin nau'in MDEA mai ƙarfin kashi 45 cikin ɗari, kowane mol nasa yana kwasar 0.4. Kenan muna buƙatar kilomol 250, kusan tan 30 na amin zalla, wato tan 66 idan an haɗa da ruwa, ko kubik mita 64 a awa. Ƙa'idar da ma'aikata suka saba da ita ita ce kilo 120 na tururi ga kowace kubik mita. Sai mu samu tan 7.7 na tururi a awa, kimanin megawat 4.5.

Ina wannan zafi yake tafiya? Wuri uku. Wani yana ɗumama ruwan da ya shigo, wani yana raba amin da tsamin da ya kama, saura kuma ya zama tururin da ke hawa hasumiya ta biyu yana kore tsamin. Kaso na biyu ne ya sa amin nau'in MEA ya fi MDEA cin wuta, domin riƙonsa ga CO2 ya fi tsanani.

A ɗakin kula da injina, da zarar gas ya fara kauce wa ƙa'ida, hannu yakan tafi ga famfo a ƙara gudu. Kowace lita da aka ƙara kuwa sai an dafa ta. In tururi bai ƙaru ba, amin zai koma da sauran tsami a jikinsa, matsalar ta ƙara muni. In kuma aka rage gudun fiye da kima, ruwan ya cika da tsami ya riƙa cin bututu. Zafin riboila ma yana da iyaka, wajen digiri 120 zuwa 127. In ya zarce sosai, amin ɗin ya lalace.

Ƙasarmu ta fara shimfiɗa bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, kuma ku injiniyoyi da ɗalibai ne za ku riƙe masana'antun da za su ciyar da shi. Manhajar kwamfuta za ta ba ku amsa cikin daƙiƙa, amma ku iya wannan lissafi da biro da takarda, domin da shi za ku gane ranar da aka ba ta alƙaluman da ba daidai ba.