Bazarar bana a gidajenmu da kasuwarmu: jawabin ranar cikar shekarar ƙungiya

Uwar ƙungiya, Malamarmu ta yaƙi da jahilci, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da sunka bar aikinsu sunka zo, ina gaishe ku, da fatan an yi Sallah lafiya. An ce in tashi in ba da labarin yadda bazara ta same mu, to ga shi, na rubuta da hannuna.

Azumin bana na 2024 mun ɗauke shi ranar Litinin 11 ga Maris, munka yi talatin cif, anka yi Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Kowa ya san irin ranar da anka yi. Kafin azahar kasuwa ta yi tsit, mai tumatir na yayyafa ruwa, mai alayyafo na rufe kaya da jiƙaƙƙen buhu. Masu fura da nono sun fi kowa shan wuya, don abin da bai ƙare da hantsi ba, da la'asar ya yi tsami. Waɗanda sunka samu ciniki su ne masu zoɓo da kunun aya da kankana, su ma ƙanƙara ta cinye musu rabin riba.

Ruwa kuwa, rijiyoyi sun ja baya, ko Gulbin Gagare yashi ya fi ruwa yawa. Tun da anka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai borehol da ke jan ruwa da janareta ya ƙara kuɗi, ɗan garuwa ma ya ƙara. Kuɗin mota zuwa Ƙaura ko kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya haura, ga fargabar hanya. Duk wannan daga cikin jarinmu yake fita.

Amma ba wahala kaɗai munka gani ba. An yi haihuwa an yi suna, an ɗaura aure bayan Sallah, 'yan Islamiyya sun yi sauka. Mata sun cika wurin tafsiri duk da zafi, kuma kwanon buɗa-baki bai daina yawo tsakanin maƙwabta ba. Abokan cinikinmu Kirista na Ƙaura su ma azuminsu ya haɗu da namu, sunka yi bikin Ista ranar 31 ga Maris, munka yi wa juna barka. Mun kuma yi rashi. Allah Ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Gidajenmu da yawa akwai baƙi, 'yan uwa da 'yan bindiga sunka koro daga ƙauyukan wajen Zurmi da Shinkafi. Ɗakin mutum uku ya koma na mutum takwas. Da can in zafi ya yi, tsakar gida ake shimfiɗa tabarma. Yanzu tsoro ya sa ana shigewa ɗaki a kulle ƙofa da taga. To cunkoso da zafi da ƙura, nan ne sanƙarau ke samun hanya, don ta numfashi da tari yake bi. Manyanmu ba su manta 2017 ba, shekarar da sanƙarau ya yi wa Zamfara ɓarna fiye da kowace jiha.

Don Allah mu riƙe alamunsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, amai, ko mutum ya riƙa sambatu. Jariri kuma maɗigarsa kan kumbura, ya ƙi nono. In kunka ga haka, a yi addu'a, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Ciwon nan kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ya jiran a gwada jiƙo. In masu riga-kafi sunka zo, a fito da ɗiya. A bar taga buɗe ko da kaɗan ne.

Sai gudawa, wadda ke ƙarar da ruwan jikin yaro cikin zafin nan. In babu garin ORS a kusa, a samu ruwa mai tsabta lita 1, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada a fasa ba shi nono. Tsofaffi ma a riƙa kai musu ruwan randa tun ba su tambaya ba, don ba su cika jin ƙishirwa da wuri ba.

Abin da ke hana mu zuwa asibiti da wuri, mu faɗi gaskiya, kuɗin mota ne. Mace na kallon ɗanta na zafi, maigida ba ya nan, jarinta na cikin kaya. Shi ya sa nake roƙon taron nan ya yarda mu buɗe asusun bazara, daban da adashi. Duk ranar zubi kowa ta ƙara ɗan abin da ta iya. Kuɗin su zauna wurin ma'aji, mata biyu su sa hannu kafin a fitar, kuma ba a taɓa su sai don kai marar lafiya. Wadda ta karɓa ta mayar a hankali, ba ruwa ba ƙari.

Wannan kuwa sai da rubutu. Ga amfanin ajinmu nan. Wadda ta iya karanta littafin zubi ba ta zargin kowa, kuma ta iya karanta katin asibitin ɗanta. Malama, muna roƙo a maida darasi bayan la'asar har ruwa ya sauka, don waɗanda zafi ya kora su dawo. Masu bashin ƙungiya kuma, a daure a biya kafin damina, don wasu na jiran kuɗin iri da taki. Da ruwan ciki kan ja na rijiya.

Mazajenmu, mun gode da izinin da kuke ba mu. Muna ƙara roƙon ɗaya: ku ba mu izinin kai yaro asibiti ko ba ku nan.

Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya ba mu zaman lafiya mu koma gonakinmu, Ya maida baƙinmu gidajensu cikin aminci. Uwar ƙungiya, na miƙa maganar asusun gare ki, a sa ta a ƙuri'a yau kafin a watse. Wassalamu alaikum.