Tagogin Lakkol da Iskar da Yaranmu Ke Shaƙa

 

Wa ya taɓa leƙa ajin ɗansa da hantsi? Ku je ku gani. Yara sun cika ɗaki maƙil, uku ko huɗu a benci guda. Rufin kwano ya ɗauki zafi. Tagogin ƙarfe kuwa duk a rufe, don gudun ƙurar hunturu. Kana shiga, wari da zafi su tarbe ka.

Kowane yaro yana shaƙar iska mai kyau, yana fitar da wadda ta gaji. In ɗaki a rufe yake, iskar da wannan ya fitar ita wancan zai shaƙa. Shi ya sa yara ke gyangyaɗi, kansu na ciwo, mushe na ta faɗa yana cewa ragwaye ne. Ba lalaci ba ne, iska ce ta ƙare musu.

Akwai abin da ya fi wannan. Tari da atishawa suna watsa ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ta nan tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau ke bi daga wani zuwa wani. Ƙura da busasshiyar iska suna fasa cikin hanci da maƙogwaro, cuta ta samu ƙofa. Mu nan mun san sanƙarau. A shekara ta 2015 ya shiga yankin Dogon Dutsi da Gaya, ya kai Yamai. A duk ƙasar wajen mutum 8.500 sunka kamu, fiye da 500 sunka rasu. A watan Afrilu na shekarar har anka rufe makarantun Yamai na 'yan kwanaki.

To, ƙura fa? Gaskiya ne, ba a buɗe mata duka. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take tasowa. A sassauta tagogin wannan gefe, a bar ɗan tsaga. Na ɗaya gefen a buɗe su sarai, da ƙofa. Taga guda ba ta isa: sai iska ta samu mashiga da mafita. Lokacin hutu kowa ya fita waje, a bar ɗaki ya sha iska. Kafin shara a yayyafa ruwa. Tagar da tsatsa ta kama ba ta buɗuwa, kwamitin iyayen yara ya kira maƙeri.

Ku ma masu karatun yaƙi da jahilci, in da dare kuke karatu da fitilar kananzir, kada ku rufe ɗaki.

Iska ba ta maye gurbin allurar rigakafi, ku kai yara a yi musu. Yaron da zazzaɓi ya kama, da ciwon kai mai tsanani, wuyansa ya sanƙare, kada a kai shi lakkol, kada a jira gobe. A kai shi likita nan take.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.